Abin da masu motar Mazda MX-5 suka tsayar kan saitin ƙafafu

A tattaunawarsu, an fi daɗewa a kan kamba, wato yadda saman taya ke karkata ciki. Yawanci sun yarda digiri 1 zuwa 1.5 ya wadatar a titi. Mai shiga filin tsere kan kai 2 zuwa 3, don taya ta kwanta sosai a kwana. Illarsa ita ce gefen cikin taya ya riga cinyewa.

Sai inda bakin taya ke kallo: tayoyin gaba su tsaya sak, na baya su ɗan kalli ciki kaɗan, kada bayan mota ya zame. Nan ne nake ganin ake yawan kuskure, domin karkacewar bakin taya ta fi kamba cin roba.

Kasta kuwa, wato yadda layin da tayar gaba ke juyawa a kansa ke karkata baya, a daidaita ta dama da hagu. Kuma a sa nauyin direba a kujera kafin a auna.