Musayar Waƙa: Gona Ta Ciyar Da Ciki Ko Tankin Mota?

Ɗan Garma:
Assalamu alaikum. Ga baitocina kan man da ake tatsa daga shuka. Amsa-amo "na" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Rabbu nake farawa,
Mai sa ƙwaya ta yi tsirowa,
Man shuka nake son yabawa,
Don ya ɗaga darajar gona.

A 1973 fetur yai tsada,
A 1975 Birazil ta shaida,
Rake zai zama mai a saida,
Ta kafa shiri, Proálcool ne suna.

Ruwan rake ya yi tsami a tace,
Etanol ne, mota ta sha ta wuce,
Tuƙar ma ba a bari ta lalace,
Lantarki take ba da in an ƙona.

Manomi ya san mai saye tun shuka,
Ba ya fargabar faɗuwar kaka,
Matasan ƙauye sun sami harka,
Ba sai sun je birni sun kwana.

Inna Mai Tukunya:
Ɗana, na ji daɗin zancenka,
Amma fa ka leƙa tukunyarka,
Masarar da ka ɗura a tankinka,
Bakin wani yaro ka hana.

Amurka, uwar masarar duniya,
Fiye da sulusin girbinta gaba ɗaya,
Matatar etanol yake tafiya,
Can ake juye shi a auna.

Ka tuna Meziko, 2007 a farko,
Dubbai sun fita titi da saƙo,
Masara ta hau ta ƙi sauko,
Mai ƙaramin ƙarfi ke jin ƙuna.

Malam Mai Alli:
Inna, haka ne, sai dai in ƙara,
Ba man shuka kaɗai ya ja asara,
Fari a Ostireliya, alkama ta gagara,
Tsadar fetur ta hau taki ta zauna.

Kuma in an tatse sitacin masara,
Kusan sulusin ƙwayar ke saura,
Dusa ce mai gina jiki, a tara,
Dabba ta ci, ba a ce da ita ɓarna.

Baba Mai Sanda:
Ku aje tukunya, mu je daji,
Indunusiya, ku tsaya ku ji,
Kwakwar manja ta zam magaji,
Na kurmin da aka sare aka ƙona.

Ƙasar dausayi an janye ruwanta,
Ganyen dubban shekaru ne cikinta,
A 2015 wuta ta kama ta,
Hayaƙi har Singafo ya rufe rana.

A 2023 dokar Indunusiya ta tsara,
Kashi 35 na manja a dizal a ƙara,
Turai kuwa ta yanke shawara,
Zuwa 2030 ce wa manja mai tsabta za ta daina.

Yara na, ku gaya mini gaskiya,
Wane hayaƙi aka rage wa duniya,
In kurmi ya tashi gaba ɗaya,
Kafin mota ta sha ta kunna?

Ɗan Garma:
Baba, ga bini-da-zugu, ba a ci,
A fako yake, ba ya takara da abinci,
Wannan kam ai babu zalunci,
Ko nan ma kuna da magana?

Inna Mai Tukunya:
An gwada a Indiya da Tanzaniya,
A fako yana rayuwa, ba ya 'ya'ya,
Sai da ruwa da taki, ɗana, ka jiya,
Shi ya sa kamfani ya hango gona.

A Kisarawe ta Tanzaniya an kai takarda,
Da alkawarin aiki, ƙauye ya yarda,
A 2011 kamfani ya faɗi, kowa ya shaida,
Ba aiki, ba filin, sai raɗaɗi da ƙuna.

Matan da ke ɗebo ice a wajen,
Su wa ya tambaya ran rabon filayen?
Sun rasa hanyar ruwa da itacen,
Abin nan yana ci mini rai in na tuna.

Malam Mai Alli:
To a bar wa ciki ƙwayar da aka shuka,
A tatsi mai daga kara da tuƙa,
Da tsohon man suya da ake zubarwa duka,
Filin ya tsaya hannun mai gona.

Baba Mai Sanda:
Malam, tsohon man suya na yarda,
Kara kuwa ba shara ba ne, ka shaida,
Shi ke rufe ƙasa in iska ta kaɗa,
Shi ke ruɓewa ya ciyar da gona.

In kun kwashe shi kun kai matata,
Damina ta zo ta wanke fuskarta,
Da rani saniya ta zo da ɗanta,
Me zan zuba musu kafin su kwana?