Muhawara: motar da ta haura mil 200,000, a saya ko a bari?

Mai shago a Mile 12:
Assalamu alaikum. An nuna min Corolla 2008 a Berger, kasuwar motoci ta Legas, tokunbo (wato ta hannu) daga Amurka, mitarta na nuna mil 210,000. Kuɗin ya yi min daidai, amma yayana ya dage cewa duk motar da ta wuce mil 200,000 ta gama aiki, kanikawa kawai zan yi ta ciyarwa. Ku da kuka san mota ku ba ni shawara.

Alhaji na Agege:
Wa alaikumus salam. Yaro, yayanka bai yi ƙarya ba. Mil fa aka ce, ba kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, ke nan ta ci wajen kilomita 338,000, kamar ta je Kano ta dawo sau 150. Ƙarfe ma yana gajiya. Ka ƙara kuɗi ka nemi mai mil 90,000.

Bakanike a Ladipo:
Ranka ya daɗe, a nan ne ba zan bi ka ba. Mai mil 90,000 ɗin ita ta fi ba ni tsoro. Motar da ta shekara goma sha a Amurka, a ce 90,000 kaɗai ta yi? Ana juya mita da kwamfuta cikin ɗan lokaci. Gara wadda ta faɗi gaskiyarta. Kuma tafiya suna ta tara. Motar da ke miƙa a babban titi injinta ya fi samun sauƙi a kan wadda ke kwana a goslo tsakanin Oshodi da Apapa, inji na ci, fanka na juyawa, giya na hawa da sauka, mita kuwa ba ta motsi.

Alhaji na Agege:
To in mita ƙarya ce, da me mutum zai dogara? Da bakin dillali?

Bakanike a Ladipo:
A'a, Alhaji, da motar kanta. Ƙanena, ka je da sassafe, ka ce kar a tayar kafin ka iso. Ka dafa injin da hannunka. In ka ji ɗumi an riga an ɗumama shi, wataƙila akwai ƙarar da ba a so ka ji. A tayar a gabanka, kai kana kallon salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, injin na shan baƙin mai ne. Farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi ɗaukewa, ruwa na shiga injin, gaskit ke nan. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madara ko daskararren baƙin laka, ka yi sallama. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, fitilar injin dole ta kama. In ba ta kama ba, wataƙila an kashe ta ne. A leƙa ƙasa kuma a ga ko indomi ɗin salansa, wato matatar hayaƙi (catalytic converter), na nan, don ana yanke shi a sayar.

Dillali a Berger:
Ni sana'ata ce, amma ba zan ɓoye ba, ba mita ce babbar illa ba, ruwa ne. Bayan guguwar Harvey ta 2017 motoci masu ɗimbin yawa sun nutse a birnin Houston na Amurka, kuma irin waɗannan gwanjo ake kai su. Mai mil 60,000 da ta sha ruwa za ta fi mai 210,000 sa ka kuka, don wayoyinta a hankali suke ruɓewa. Ɗaga kafet ka sansana, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujera. Ka kwafi lambar VIN, wato lambar shaidar motar mai haruffa da lambobi 17, ka biya a duba maka a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motocin Amurka. Za ka ga ko ta yi hatsari, ko ta sha ruwa, da abin da mitarta ta nuna a baya.

Direban Kano zuwa Legas:
Duk na yarda, amma kar a mai da Alhaji kamar bai san abin da yake faɗa ba. Ba kowace mota ke jure irin wannan tafiya ba. Camry 2007 zuwa 2009 mai silinda huɗu ta yi suna wajen shan baƙin mai. Sienna 2004 zuwa 2006 bel ne a taimin ɗin injinta, ba sarƙa ba, kuma wajen mil 90,000 ake canza shi. Corolla ɗinka sarƙa ce, wannan ka huta. Amma ko injin lafiya lau, shokozoba da bushin da famfon ruwa sun tsufa, kuma titin Legas ba zai raga musu ba.

Alhaji na Agege:
Abin da nake faɗa ke nan. Wanda ya kwashe duk jarinsa ya zuba, da me zai yi gyaran farko?

Mai shago a Mile 12:
Alhaji, wannan kam ta shige ni. Ba zan biya komai ba sai na ware kuɗin gyara gefe. Oga na Ladipo, za ka iya raka ni ranar Asabar bayan sallar asuba?

Bakanike a Ladipo:
In sha Allahu. Zan zo da na'urar duba kwamfutar mota. Ka gaya wa mai motar tun yanzu cewa za mu hau babban titi da ita har giya ta shiga ta ƙarshe, kuma ya fito da takardun kwastan na asali.