Na'urar taswirar teku ta isa a dogara da ita a tafiyar bin gaɓa?

Sabon Matuƙi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jirgi ne mai tafiya da iska, tsawonsa mita 10, ƙasansa yana nutsewa cikin ruwa mita 1.8. An sa masa na'urar taswira mai allon inci 9 da GPS a cikinta, an kuma haɗa ta da ma'aunin zurfi. Tafiyar ta bin gaɓa ce da rana, daga wannan tasha zuwa waccan. Don Allah yaya ake tsara hanya a na'urar, waɗanne saituka ake fara gyarawa, kuma har yanzu akwai buƙatar taswirar takarda?

Tsohon Hannu:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abin da za ka fara riƙewa shi ne GPS ya fi taswirar daidaito. Shi yakan nuna inda jirgi yake, kuskurensa bai wuce 'yan mitoci ba. Taswirar kuwa daga awon da aka yi wa ƙasan teku take, wani awon ma tun kafin a san da tauraron ɗan adam aka yi shi, da igiya da dalma. A taswirorin hukuma akan nuna ingancin awon kowane yanki da haruffa. Inda aka sa B, dutse na iya kauce wa wurin da aka zana shi da mita 50, inda aka sa C kuwa har mita 500. To ka ga hoton jirginka zai iya wucewa lafiya lau a allo alhali ƙasan jirgin yana kan dutse.

Wajen tsara hanya, kada ka tsaya a zana layi kana kallon taswirar daga nesa. Yawancin taswirorin waɗannan na'urori, irin su Navionics da C-MAP, hawa-hawa ne: kana tura taswira nesa na'urar tana ɗauke ƙananan bayanai don kada allo ya cushe, kuma cikin abin da take ɗaukewa har da duwatsu da tudun yashi. Wannan na cikin abin da ya sami jirgin tsere na Team Vestas Wind a daren 29 ga Nuwamba 2014, ya hau kan duwatsun Cargados Carajos a Tekun Indiya, ga kuma ƙwararru a cikinsa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna haɗarin bai fito a matakin da ake kallon taswirar ba. Don haka bayan ka dasa zangunanka, wato wuraren da ka sa alama a taswira don jirgi ya bi ta kansu, jawo taswirar kusa sosai ka bi layin daga farko har ƙarshe, allo bayan allo, kana duba abin da ke hagu da dama da shi. Aikin yana cin lokaci, amma a tasha ake yin sa kafin a kwance igiya. Ko na'urar ce ta zana maka hanyar da kanta, sai ka yi mata wannan bitar.

Kada ka dasa zango daidai a kan alamar da aka kafa a cikin ruwa don nuna wa jirage hanya. Matsar da shi gefe kamar mita 100 zuwa 200 ta ɓangaren da ke da zurfi, domin in na'urar tuƙi ce ke riƙe da jirgin, kai tsaye za ta kai ka ka daki alamar. Ga shi kuma kowa wurin yake nufa.

Saituka kuwa: zurfi a mita, nisa a mil na teku, wato mita 1,852. Sa zurfin kariya mita 3 ko fiye ga jirgi irin naka, don duk inda bai kai haka ba ya canza launi. Kunna ƙararrawar ƙarancin zurfi da ta kauce wa layi. Idan kana tafiya, raba allon biyu, ɗaya kusa ɗaya nesa.

Mai Lissafin Ruwa:

Malam ya gama magana a kan taswira. Bari in ƙara da batun ruwan kansa, don a nan sababbin hannu suka fi tuntuɓe.

Lambar zurfi da kake gani rubuce a taswirar allo ba zurfin wannan lokacin ba ce. An auna ta ne daga matakin da ruwa ke kaiwa in ya janye sosai, sai ka ɗora mata tsayin cikowar ruwa na wannan sa'a. Misali, taswira ta ce mita 1.2 a bakin mashiga. Jadawalin ranar ya ce janyewa mita 0.8, cikowa mita 4.4. A ƙarshen janyewa zurfin mita 2.0 ne, saura santimita 20 kawai a ƙarƙashinka, igiyar ruwa ɗaya ta isa ta buga ka da ƙasa. Tazarar cikowa da janyewa mita 3.6 ce, raba ta 12, kowane kaso mita 0.3. Inda ruwa ke cikowa cikin kusan awa shida, a awa ta farko kaso 1 yake ƙaruwa, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Bayan awa biyu an sami kaso 3, wato mita 0.9, zurfin ya zama mita 2.9, kana da rarar mita 1.1. Sannan ne za ka shiga. Na'urar tana da jadawalin a cikinta, amma ka tabbatar agogonta yana kan lokacin wurin da kake, kuskuren awa ɗaya a tsakiyar cikowa kusan mita guda ne a wannan misali.

Sai bambancin inda goshin jirgi ya fuskanta da inda jirgin ke tafiya a zahiri. Kamfas yana nuna na farko, abin da allo ke rubutawa COG shi ne na biyu. In kana gudun mil 5 a awa, ruwa kuma yana tura ka gefe da mil 1 a awa, kusan digiri 12 za ka karkata goshi ta inda ruwan ke zuwa kafin ka tsaya a kan layi. Wanda ke ta auna zango da goshin jirgi zai isa, amma ta lanƙwasasshiyar hanya zai bi, kuma wannan hanyar ba ka duba ta ba lokacin bita. Ka riƙa kallon XTE, shi ne nisan da ka kauce wa layin. Kunna layin da ke fita daga hoton jirgi yana nuna COG, ka sa tsawonsa ya zama tafiyar minti 10 ko 12. Amma in gudu ya yi ƙasa ƙwarai, wannan layin rawa yake yi, a lokacin kamfas za ka bi.

Duba kuma daga ina ma'aunin zurfinka yake ƙirgawa: daga saman ruwa, daga na'urar awon, ko daga ƙasan jirgi. Saki igiya mai nauyi a tasha ka gwada. In abin da yake nunawa ya saɓa wa lissafinka da mita guda ko fiye, rage gudu nan take ka nemi dalili.

Mai Gyaran Wuta:

Ta ɓangarena, galibi ba na'urar ce ke lalacewa ba, wuta ce. Allo mai wannan girma yana jan kusan amfiya 1 a bolt 12 in an ƙure haskensa. In tana mutuwa ta sake tashi duk lokacin da aka tayar da inji, to batir ɗaya suke sha da sitata, ko wayar ta yi siriri, ko gishiri ya ci mahaɗi. Mayar da ita kan batirin hidima, wato wanda ke ba sauran kayan wuta banda sitata, da fis ɗinta kusa da tushen wuta, girman da littafinta ya faɗa.

In lambobin zurfi ko na iska suna ɓacewa daga allo a tsarin NMEA 2000, wato layin wayar da ke haɗa na'urorin jirgi, kashe wuta ka auna tsakanin farar waya da shuɗiya. Om 60 ya kamata ka gani. In ka ga 120, toshiyar ƙarshen layi ɗaya ta ɓace, in 40 ne an sa uku. Wayar da ke sauka daga babban layi zuwa kowace na'ura kada ta wuce mita 6.

Shi ya sa amsata kan taswirar takarda ita ce e, a ajiye ta. Duk awa rubuta wuri, lokaci, alkibla da gudu a littafi. Waya ko tablet mai taswira da batirinta daban tana da amfani, sai dai rana tana kashe haskenta, jiƙaƙƙen yatsa kuma ba ya aiki a kanta.

Sabon Matuƙi:

Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: an ɗauko lambobin wani zango daga littafin tashoshi aka shigar, sai ya fito a kan tudu maimakon bakin mashiga. Me ke jawo haka?

Tsohon Hannu:

Abu biyu za ka duba. Na farko tsarin rubuta lambobin. Akwai digiri da minti da ɗigo, akwai digiri da minti da sakan. Minti 30.50 daban yake da minti 30 da sakan 50: na farko rabin minti ne a kan 30, na biyu ya zarce shi da sulusin minti, wato kusan mita 600 in ta arewa da kudu ne. Sa na'urar a tsarin da littafin ya bi kafin ka shigar. Na biyu ma'aunin da aka gina lambobin a kansa. GPS yana aiki da WGS84, tsofaffin taswirori da littattafai kuwa wasu a kan ED50 ko OSGB36 suke, bambancin yakan kai mita 100 ko fiye. Akan rubuta wannan kusa da sunan taswirar, tare da gyaran da za a yi. Mita 600 ko kusa da haka, tsarin rubutu ne. In 100 zuwa 200 ne, ma'aunin za ka zarga. Bayan ka gyara, jawo taswirar kusa ka ga inda zangon ya sauka, sannan ka auna nisansa da alkiblarsa daga wata fitilar gaɓa ka gwada da na takarda.