Kuɗin lesin ko kayan haɗa sarƙar kabon? A ba ni shawara

Yayan Hajara, Mabera: Assalamu alaikum. Ƙanwata tana ajin ƙarshe na sakandare, likitanci take so, JAMB kuma ta ƙarato. Kemistiri duk tana ja, sai wurin sa wa haidirokabon (sinadaran da kabon da haidirojin kaɗai suka haɗa) suna. Jiya ta kawo min takardarta: an zana kabon 4 a jere, da reshe mai kabon 2 a jikin na biyu, ta rubuta 2-ethylbutane, malami ya soke da jan biro bai ce mata uffan ba. Har kuka ta yi. Naira 15,000 ce a hannuna. In biya mata lesin na wata ɗaya, ko in sayo kayan nan na roba, ƙwallaye da sanduna, ta riƙa haɗawa tana gani? Duka biyun a tare sun fi ƙarfina.

Ɗan Arkilla: Wa alaikumus salam. Ta haddace meth, eth, prop, but, pent, hex, wato sunayen yawan kabon daga 1 zuwa 6, kamar karatun allo, shi ke nan. Haka munka yi.

Malamar Kimiyya: Ai ta haddace, shi ya sa ta san but 4 ne. Idonta ne ya yaudare ta. Ba layin da ya miƙe a takarda ake ƙirgawa ba, sarƙar da ta fi tsawo ake bi ko da ta lanƙwasa. Ka ce ta ɗora yatsa a ƙarshen reshen nan, ta bi ta shiga jeren: kabon 5 za ta samu, ɗaya ya rage a gefe a kan na uku. Sunansa 3-methylpentane. Sai ta kiyaye biyu: a fara ƙirga daga ɓangaren da zai ba reshe ƙaramar lamba, kuma a wurin rubuta suna ethyl (reshe mai kabon 2) yana riga methyl (reshe mai kabon 1) saboda jerin haruffa, ba a duba di ko tri (alamar reshe iri ɗaya guda 2 ko 3).

Bawan Allah: Ni in na ji maganar nan raina ɓaci yakai. Shekarata ta farko a wata makaranta, na rubuta but-1-ene kamar yadda sabon littafi ya koya min, malamin ya ce shi 1-butene ya sani, ya soke. Abu ɗaya ne fa, kabon 4 da igiya biyu, wato layin haɗi biyu, tsakanin na farko da na biyu! Na bi shi har ofis da littafin a hannuna, bai ko ɗago kai ba, ya ce in na fi shi sani in zo in amshi allin. Tambaya 5 ya kashe min a haka. Na maimaita kwas ɗin, abokaina sunka wuce, mahaifina ya sai da tunkiya ya biya min. Daga baya na gane waɗanda sunka sayi takardunsa ba wanda ya faɗi.

Maman Ikram: Allah ya saka maka. Yayan Hajara, kayan robar nan 8,000 na sayo wa ɗana bara.

Ɗan Arkilla: Hajiya, 8,000 a ina? An ce min 25,000, kuma sai an yo oda daga Legas. Lesin ma a unguwarmu 5,000 ne.

Maman Ikram: Na 5,000 yara 40 ne a ɗaki ɗaya. Mai zuwa gida 20,000 yake karɓa.

Mai Walda, Gawon Nama: Kada ka kashe ko sisi. Magarya da tsinken sakace. Magarya kabon, gyaɗa haidirojin, kowane kabon tsinke 4 ba ƙari ba ragi. Da shi na nuna wa ɗiyata cewa butane da 2-methylpropane duk C4H10 ne, zubi ne ya bambanta. Sai dai kafin mu gama ƙanenta ya cinye haidirojin 3, ya ce yana jiran kabon.

Bawan Allah: Da girmanka, Baba, a bar wa masu takarda wagga magana.

Mai Walda, Gawon Nama: Yaro, ethyne da kuke zana wa igiya 3, C2H2, kullum ni nake zuba wa kabayid ruwa in fitar da shi. Kai a allo ka gan shi.

Malamar Kimiyya: Baba ya yi daidai, nima da tsinke nake koyarwa. Amma a WAEC da NECO da biro za ta zana, dole hannunta ya saba. Ta zana duk siffofin hexane guda 5 ta sa musu suna, ka turo in duba mata.

Yayan Hajara, Mabera: Na gode Malama. To kuɗin fa, lesin ko kayan?

Maman Ikram: Ni abin da ke ci min rai, kowane zango ana karɓar kuɗin ɗakin gwaji, ɗana shekara 3 bai taɓa riƙe kwalba ba. Ƙofar kullum da kwaɗo.

Bawan Allah: Namu ma buɗe shi ankai ran da masu duba makaranta za su zo. Ku nawa anka amsa wannan zangon?