Waƙar da aka haifa sau biyu

Mai Kaset:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau zan buɗe da waƙar da na fara ji a rikodar yayana ina ɗan sakandare, har yau kuma ban daina sonta ba: "West End Girls" ta Pet Shop Boys, wato Neil Tennant mai murya da Chris Lowe mai fiyano. Ƙwar huɗu ce, amsa-amon waje "ya". Mai amsawa ya amsa da baiti.

Ku matso, yau zance na ɗauka,
Na waƙar da aka sake wa shuka,
Da fari ta faɗi kamar an yanka,
Ta biyu ta zagaye duniya.

A Landan, King's Road, cikin kanti,
Na kayan lantarki a bakin titi,
A Agustan 1981 suka haɗu ba da shawara ko kwamiti,
Neil da Chris suka ƙulla tafiya.

Neil, mujallar Smash Hits ta aike shi,
New York, hira da mawaƙi Sting aikin shi,
Amma wani buri na ran shi,
Wurin Bobby Orlando ya nemo hanya.

Bobby ya karɓe su ya naɗa faifai,
Kiɗa mai sauri, ganga sosai,
Gidajen rawa suka karɓa dai,
Ingila ta juya musu ƙeya.

Suka bar Bobby suka sake gida,
Stephen Hague ya rage gudun kiɗa,
Ƙarar titi ya sa ta yi shimfiɗa,
Sai ga amarya ta fito da kwalliya.

Ga masu son lissafi: tafiyar New York a Agustan 1983 ce, faifan farko ya fito a Afrilun 1984, na biyu kuma a ƙarshen Oktoban 1985 a kamfanin Parlophone. Zan ɗora in na dawo daga kasuwa.

Baƙon Damagaram:
Mai Kaset, zarenka ya harɗe,
Ka yabi kiɗan da ba hannu ya murɗe.
Ganga ba fata, ba gumi, ba makaɗi,
Akwati ke kuka, kai kana ta faɗi.
In wuta ta ɗauke, ina gwanin naka?
Kalangu ko a duhu yana kiran sunanka.

Uwar Biki:
Kai! Baba ya sa gishiri. "Kalangu ko a duhu", wannan ɗangon kaɗai ya biya min kuɗin datar yau. Mai Kaset, ka dawo daga kasuwar nan ka ga ɓarnar da aka yi maka.

Autan Situdiyo:
Baba, da girmanka, bari in tanka,
Wane kiɗa aka sa a bikin ƙanwarka?
Fiyano ne, na rantse har da tafinka,
Yau kuma ka zo zaure kana kushe abinka.
Akwati ba ya kuka sai an taɓa shi,
Chris Lowe yatsu goma ya zuba a kan shi.

Baƙon Damagaram:
Yaro, bikin ƙanwata kafin a haife ka,
Makaɗa huɗu suka kwana, tambayi babanka.
Kai da ke danna maɓalli ka ce kai makaɗi ne,
To mai kunna injin niƙa ma gwanin daka ne.

Kawu Na Landan:
Ku ɗan ajiye kalangu da injin niƙa, don na lura ba wanda ya taɓo abin da waƙar ke faɗi. Shekara da shekaru ina shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa tsakanin unguwanni biyun da waƙar ke magana a kansu, West End a yammacin Landan da East End a gabas.

Yammacin birni fitilu ne da gidajen wasa,
Soho da Piccadilly, kuɗi ke magana da kansa.
Gabas tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da 'yan ƙwadago,
Whitechapel, baƙi da talakawa, kowa da ɗan shago.
Samarin gabas su ci ado su nufi yamma da dare,
'Yan matan yamma na kallo, aljihu ne ya tare.
Neil bai rera ta kamar mai kiran amarya ba,
Faɗa yake a sanyaye, bai ɗaga murya ba.

Shi da bakinsa ya ce rap ya so ya yi, bayan ya ji "The Message" ta Grandmaster Flash da ta fito a 1982, amma ya yi nasa da lafazin Ingila, bai ari bakin 'yan New York ba. Ya kuma ambaci doguwar waƙar T. S. Eliot, "The Waste Land", wadda muryoyi iri-iri ke shiga suna fita a cikinta. Abin da ya fi taɓa ni, su biyun ba 'yan Landan ba ne. Neil haifaffen North Shields ne can kusa da Newcastle, Chris kuma ɗan Blackpool. Baƙi ne suka kalli birnin da idon baƙo, ni ma da irin idon nake kallonsa. Mai Kaset, gyara ɗaya: faifan farkon bai mutu murus ba. An sha rawarsa a Los Angeles da San Francisco, ya kuma ɗan motsa a Beljiyam da Faransa.

'Yar Zangon Kumasi:
Kawu, sannu da sanyi, na ji bayani,
Amma ku maza kun tsallake wani zamani.
A 1983 Annie Lennox ta riga su,
Ita da Dave Stewart, "Sweet Dreams" ce tasu.
Bashin banki suka ci suka sayi na'ura,
A ɗan ɗaki suka naɗa, babu mai tura.
Ta hau ta ɗaya a Amurka tun Neil na rubutun mujalla,
Ku ba mace girmanta, ku bar kau da kai don Allah.

Ɗan Tasha:
Yaya ta Kumasi, in riga zuwa ne abin yabo,
Soft Cell na Leeds su suka fara cin rabo.
A 1981 "Tainted Love" ta hau kan kowa a Ingila,
Mako 43 a jerin Billboard na Amurka, ko a jikinta, ba wahala.

'Yar Zangon Kumasi:
Ɗan Tasha, ƙanena, ka yi lodin da ya fi motarka,
Waƙar Gloria Jones ce ta 1964, je ka bincika.
Kayan aro ba ya rufe katara,
Tawa su suka rubuta, Annie ta rera.

Uwar Biki:
Ayyururui! Mata sun shigo. Ɗan Tasha, sauke lodi.

Malam Mai Alli:
Tun hantsi nake karantawa ina dafe kai. Mai Kaset, baitinka na biyu, ɗango na uku: "A Agustan 1981 suka haɗu ba da shawara ko kwamiti." Furta shekarar da baki, alif ɗari tara da tamanin da ɗaya, sannan ka ƙirga gaɓoɓin. Ɗango guda ya haɗiye tsawon 'yan'uwansa biyu har da ɗori. "Kwamiti" kuma ba abin da ya kawo shi sai yunwar "ti". Hajiya ta Kumasi, ke ma kin cusa shekaru biyu a cikin ɗangayenki, amma naki da sauƙi. Ga mutaƙarabi, a ji yadda ake taka ƙafa:

Idan za ka waƙa ka koyo kari,
Ka zauna gaban malamai tun wuri.
Ƙafa in ta zarce ƙafa ɗan kaɗan,
A daji ka kwan, ba ka cimma gari.

A Landan a shago mazan sun gamu,
Guda ɗan jarida, guda ɗalibi.
Guda na rubutu, guda na kiɗa,
Da suna da aiki a yanka rabi.

Uwar Biki:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Wannan ita ce waƙa, sauran duk sharar fage ce.

Autan Situdiyo:
Gwaggo, da safe kina bayan Baba,
Da azahar kin yi Kumasi kin kai gaba,
Yanzu Malam ya zo kin sake riga,
Guɗarki ta haya ce, duk mun ga.

Uwar Biki:
Auta, kai da baitinka ya fara da "ba" ya ƙare da "ga" kake maganar sake riga? Ni inda gwaninta take nan nake guɗa, kuma har yanzu ban ji dalilin yi maka ba.

Kawu Na Landan:
Malam, mudunka ya cika har ya yi tozo,
Amma da tsakuwa cikin hatsin ka zo.

A 1981 Neil bai zama ɗan jarida ba tukuna. Editan littattafai ne a lokacin, sai a 1982 ya shiga Smash Hits. Ɗalibin dai ka faɗi daidai, Chris zanen gine-gine yake karantawa a Jami'ar Liverpool.

Malam Mai Alli:
Alhaji, na karɓi gyaran shekara. Amma ni kari na zo karewa, ba tarihin Turawa ba. Mutum ya ce zai yi ƙwar huɗu, to ya yi ƙwar huɗu. Ba a gina ɗaki da azara uku daidai, ta huɗu ta leƙa gidan maƙwabta.

Autan Situdiyo:
Malam, a gafarce ni. Waƙar da ake magana a kanta ba da arulli aka auna ta ba. Neil kalmomi yake jerawa a kan bugu, wani layin gajere, wani dogo, bugun ne ke riƙe su. A situdiyo ma haka muke yi, in layi ya yi tsawo mawaƙi ya ƙara sauri ya faɗa kan bugun.

Malam yana da sikeli, ni ina da kunne,
In bugu ya zauna, kowane ɗango a zaune ne.

Malam Mai Alli:
Ɗana, ka ba ni hujja da bakinka. Bugun da kake faɗi shi ne karin. Makaɗan baka ganga ke auna musu, marubuta kuma ba mu da ganga a takarda, shi ya sa muke ƙirga gaɓa mai nauyi da maras nauyi. Mai Kaset bai turo mana kiɗa ba, rubutu ya turo. Ɗangonka na biyu kuma, "zaune ne", karanta shi sau uku ka ji yadda harshe ke tuntuɓe.

Baƙon Damagaram:
Kun zaga kun zaga kun dawo gidana,
Bugu, bugu, ai duk sunan kalanguna.

Ɗan Tasha:
Jama'a an bar waƙar an koma makaranta. Wa ya ga Mai Kaset? Kasuwar tasa ta kwana ce?

Mai Kaset:
Ina kwananku. Wayata ta mutu jiya, sai da asuba na karanta komai. Malam, gyaranka gaskiya ne, na gode. Mutanen da nake yabo sun ɗauki waƙar da ta riga ta fita kasuwa, ba su ce ai an gama ba, suka koma suka sake naɗa ta daga tushe, kusan shekara ɗaya da rabi tsakani. Wannan ne ya sa nake girmama su. Ga ɗangon na sake, shekarar ta koma cikin zance:

A Landan, King's Road, cikin kanti,
Na kayan lantarki a bakin titi,
Hira ta ja su batun sauti,
Neil da Chris suka ƙulla tafiya.

Sai in ɗora daga inda na tsaya.

Sabuwar shekara ta buɗe ƙofa,
Waƙar ta hau tsani ƙafa-ƙafa,
Mako biyu a Ingila tuta ta kafa,
Ƙasar da ta ƙi ta jiya-jiya.

Watan Mayu ta haye teku,
Amurka ta ce mun karɓi taku,
Kanada, Norway, New Zealand, ga uku,
Duk sun ba ta lamba ɗaya.

Kalmomin nan dai kusan su ne na da,
Mawaƙin shi ne, birnin guda,
Gaggawa aka cire aka bar kiɗa
Ya yi numfashi, kunne ya sha daɗin jiya.

Baba, na ji batun ɗauke wuta,
Kalangu gwani ne, ban musanta,
Amma muryar Helena Springs da ke ratsa ta,
Ba waya ba ce, jini ce da jijiya.

Janairu da Mayun nan na 1986 ne, kundin "Please" ya fito a tsakaninsu, a watan Maris. A 1987 ta ci kyautar Brit ta waƙar da ta fi fice, ta ci ta Ivor Novello. Sun rera ta a bikin rufe wasannin Olympics na Landan a 2012. A 2020 jaridar Guardian ta jera waƙoƙin da suka taɓa hawa ta ɗaya a Birtaniya, ta sa ta a kan gaba. Kawu, na karɓi gyaranka na faifan farko, kuma batun idon baƙo ya shige ni.

Malam Mai Alli:
Madalla, azarar ta koma ɗakinta. Sai dai "daɗin jiya" fa? Ji kake nufi ko jiya? Ka lanƙwasa kalma don "ya". Sannan baitin ya zubar da ma'anarsa daga ɗango na uku zuwa na huɗu ba tsayawa.

Uwar Biki:
Malam, ka bar bawan Allah ya sha ruwa mana. Ni yau ina bayan Mai Kaset, Auta ya faɗi abin da zai faɗa.

Ɗan Tasha:
Yaya ta Kumasi, na kwana da lodina,
Aro na karɓa, amma ga sauran zancena.
Annie a Ingila ta biyu ta tsaya,
Tawa da ta Mai Kaset su suka kai ɗaya.

'Yar Zangon Kumasi:
Kwana guda kana neman baiti biyu,
Motarka sai turi, Allah ya sa ta gyaru.
Ta biyu da gumin kai ta fi ɗayar aro,
In kana da wata amsar, jibi ka taro.

Malam Mai Alli:
"Biyu" da "gyaru", Hajiya?

Baƙon Damagaram:
Mai Kaset, ka girmama kalangu, na ji daɗi,
Amma kunnena ba ya sayen abu da faɗi.
Auta, turo min faifan Bobby da na Hague ɗin,
In ji da kaina inda aka rage gudun.
In akwai numfashin da ake ta yabo zan faɗa,
In babu, ku shirya, gobe da sassafe akwai faɗa.