Walimar ƙanwata a ginin tarihi ƙasar waje: Istanbul ko Alƙahira?

Yayar Amarya, Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nika nema ga waɗanda sunka san hanya. Ƙanwata za a aurar bayan Babbar Sallah in Allah ya kai mu, angon waje yake aiki, kuma su biyun sun kafe ba su son dina a hol, wai su wuri mai tarihi suke so, tsohuwar fada ko tsohon gidan sarauta, da mutane kaɗan da ba su wuce 40 ba. Ita hankalinta na Istanbul tun da ta ga hoton fadar Ciragan bakin ruwa a Instagram, shi kuma ya fi son Alƙahira don can yay yi karatu. Ni anka ɗora ma binciken. Abin da ya fi damuna Inna ce, gwiwa ta matsa mata ƙwarai, ga Baffa wanda shi ne waliyyi ya ce in ba Makka ba babu inda za shi cikin jirgi. Mi ya kamata in duba kafin mu ba kowa ko sisi?

Ɗan Kanwuri:
Wa alaikumus salam. Yaya, maganar Baffa ma ta raba gardama ai. A ɗaura aure nan Sakkwato, ƙofar gida ko masallacin Juma'a, ga waliyyi ga shaidu ga sadaki, a raba goro da dabino, sannan walima kaɗai a kai waje. Ko ba don Baffa ba haka ya fi, don a Turkiyya auren da hukuma ta sani shi ne wanda anka yi rajista, haka dokarsu take tun 1926, sai a 2017 anka ba muftai izinin ɗaura shi a hukumance, kuma baƙo sai ya kawo takardu an fassara an buga hatimi. Wahala ce da ba ku buƙata.

Ciragan kuwa ba a magana wajen kyau. Sultan Abdul'aziz yag gina ta, gobara ta cinye cikinta a 1910 ta bar bango kawai, ta daɗe kango kafin a gyara ta ta koma otal na Kempinski. To amma wurin manyan attajirai ne kuma da kuɗɗin waje za a yi maku lissafi, ga yadda naira take. Mutum 40 za su ɓace cikin waɗannan ɗakuna. Ku duba gidan Esma Sultan a unguwar Ortakoy cikin Istanbul, kusa da wani masallaci na bakin ruwa, shi ma ya ƙone a 1975 sunka bar tsohon bangon bulo sunka gina gilashi daga ciki. Akwai ire-irensa da dama bakin Bosforus, mashigin ruwan da ya ratsa Istanbul, ku tambayi farashi aƙalla wuri ukku.

Maman Biyu, Runjin Sambo:
'Yar uwa ni abin da idona ya gani zan gaya maki, mun je walimar ɗiyar yayata a wani tsohon gida can Turkiyya, ba zan faɗi suna ba. Mun tashi da kayanmu niƙi-niƙi, humra da turaren wuta da kasko, muna isa sunka ce ko ashana ba a kyastawa ciki don rabin ginin katako ne, kuma gaskiyarsu ce tunda da dama cikin gidajen nan gobara ta taɓa cinye su, amma ranmu ya sosu don amarya ba turaren wuta ai da saura. Ba a buga ƙusa ga bango, ba a manna komi, masu ado nasu ne dole. Abinci ma nasu, mun so mu kai kilishi da dambun nama da alkaki sai da anka yi ta roƙo kafin su yarda a ajiye a teburi guda.

Sai matakala. Wannan don Inna nike faɗi, tsohon gini ba a gina shi don mai ciwon gwiwa ba, kakar amarya kan kujera samari sunka ɗauke ta zuwa sama tana ta jin kunya, har yau abin na raina. Ki ce su ɗauko maki bidiyo tun daga inda mota ke tsayawa har kujerar da za ta zauna, a ga ko akwai lif, a ga nisan bayi. Ki tambayi inda za a yi alwala da sallah maza daban mata daban, ki ce a kwashe giya daga teburin sha gaba ɗaya, don ko a Turkiyya wuraren biki na sa ta cikin tsarinsu in ba ku yi magana ba. Da ƙarfe nawa ake kashe kiɗa, da in ruwa ya sauko ina za a koma. Duk a rubuta cikin yarjejeniya, kar ki yarda da alkawarin WhatsApp.

Bagobiri, Arkilla:
Ni ina bayan ango. Ku bambance wurin da yake gidan tarihi na gwamnati da tsohuwar fadar da ta koma otal. Na farkon sai an nemi izini, sai masu yawon buɗe ido sun watse kafin a fara jera kujeru, kuma babu wurin kwana. Na biyun kuwa Inna za ta sauko daga ɗakinta ta shiga biki, in ta gaji ta koma. A Alƙahira akwai fadar Gezira a unguwar Zamalek wadda sarkin Masar Khidiwi Isma'il yag gina don baƙin buɗe mashigin Suwez a 1869, yanzu otal ɗin Marriott ce, akwai kuma otal ɗin Mena House da ke kallon dalar Giza. Jirgin EgyptAir na tashi daga Kano, kun ga an rage wahalar zuwa Legas, kuma ango na jin Larabci ya san gari, wanga ba ƙaramin abu ba ne ranar da wani abu yac cije.

Illar guda ita ce lokaci. Bayan Babbar Sallah, in bikin ya faɗo Yuni zuwa Agusta, tsakiyar zafinsu ne, duk da mu 'yan Sakkwato zafi ba baƙonmu ba ne, sai dai a yi bayan Magariba. In wani ya kawo maku zancen Marrakesh ta Maroko, can ma Yuli da Agusta ya kan haura digiri 40, kuma tsofaffin gidajen cikin gari lungu ne mota ba ta shiga, sai a ƙasa.

Hajiya Babba, Gawon Nama:
Ɗiyata, Allah ya sanya alheri. Ni ba zan hana ba, amma ku tuna da maƙwabta da dangi da sunka yi ta ɗawainiya da yarinyar nan tun tana goye, su ma suna da hakki ga wagga rana. A yi sa lalle da wuni nan gida kowa ya zo ya ci ya yi addu'a, kar a ce an zaɓi 40 an bar saura. Kuma kar ku biya kuɗɗin wuri duka sai biza ta fito, na san gidan da anka hana uwar ango biza ana saura kwanaki, kafin alƙalamin bai dawo ba.

Yayar Amarya, Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya in sha Allahu lalle da wuni da ɗaurin aure duk nan za a yi, na gaya ma Baffa ya ji daɗi. Na tura ma ango zancen Gezira ya ce zai sa abokinsa ya je ya ɗauko bidiyon hanyar shiga, ita amarya har yanzu Istanbul take kallo, gobe za mu zauna da ita. Maman Biyu don Allah, da sunka hana kaskon, sun yarda da na lantarki ko shi ma a'a?