Kahon sa ya lotsa min ƙofar mota, ina neman shawara

Direban Golf, Gumel:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Fasinja nake ɗauka tsakanin Gumel da Maigatari. Ranar Alhamis, kasuwar Maigatari ta cika maƙil, ina lallaɓawa in fita sai wani sa ya ƙwace daga hannun mai jansa, ya kai wa ƙofar baya karo. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji ciwo. Sai dai ƙofar ta lotsa, faɗin tafin hannu biyu, kahon kuma ya ja layi har kan madigadi. A tsakiya fentin ya ɓare, ana ganin ƙarfe fari tas. Can ƙarshen layin kuwa karce ne sama-sama. Motar ta maigidana ce, amana ya ba ni, kuma raina ba ya son ya gan ta a haka. Wani yaro a tasha ya ce zai cike wurin da fila, wato ƙullin nan da ake shafe lotsawar mota da shi, ya fesa fenti a wuni ɗaya. Ga damina ta kankama. In ba shi, ko in jira kaka?

Fanel bita, Haɗeja:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Malam, kada ka yarda a cike wannan ramin da fila. Ba don cike rami aka yi ta ba, aikinta shafe ɗan tudu da kwarin da guduma ta bari, kaurinta kada ya wuce milimita 3. In aka labta ta da kauri, tamkar yaɓen siminti ne a katangar ƙasa: yau sumul, gobe ya dare. Kai kuma motar haya kake ja, ƙofar nan ana buga ta safe da yamma, ga gargada in ka sauka daga kwalta. Za ta tsage, ruwa ya shige ta ƙarƙashi, tsatsa ta yi ta cin ƙarfen kai ba ka gani, sai ranar da fentin ya kumbura.

Abin da ya dace, a cire rufin cikin ƙofar, a turo ƙarfen daga ciki, a bi shi da guduma da ƙarfen tokara a hankali, daga gefen lotsawar zuwa tsakiya. Sannan a goge da samfefa har ƙarfe ya fito fes, a shafa fila 'yar kaɗan, a sa firama, wato shafen farko da ake yi kafin fenti, a bar ta ta bushe sosai, kana fenti. Duk wanda ya ce maka zai gama wannan daga safe zuwa la'asar, akwai abin da zai tsallake.

Wani direba, Ringim:
Gaskiya maigida na Haɗeja ya faɗa. Ni dai abin da zan ƙara, in kuɗi ba su kai ba, lotsawar za ta iya jiran kaka, amma ƙarfen da ya fito fili ba zai jira ba. Ka wanke wurin, ka busar, ka kankare duk wani ja-ja da ya fara, ka shafa firama ko da da ɗan buroshi ne. Ba kyau zai yi ba, amma zai tare ruwa.

Direban Golf, Gumel:
Na gode. To shi karcen na kan madigadi fa, shi ma sai an yi masa fenti?

Mai fenti, Wudil:
Gwada shi tukuna, ɗan'uwa. Zuba masa ruwa: in layin ya ɓace yana jiƙe, a saman ƙyallin kawai ya tsaya, samfefa mai lamba 2000 da ruwa, sannan man goge fenti, sun isa. In ka ja farce ya maƙale a ciki, ya yi zurfi, sai fenti.

Batun launi kuma, Golf tana da lambar fentinta a wata takarda da ke manne cikin but, wajen safaya taya. Amma motar da ta sha ranar Jigawa shekara da shekaru ta koɗe, lambar kaɗai ba za ta ba ka daidai ba. Cire murfin tankin mai ka kai wa mai haɗa fenti ya gwada da shi a hasken rana. A fesa ƙofar gaba ɗaya, kar a yi mata faci a tsakiya. Kuma ranar da hadari ya haɗo kar a taɓa, danshi na sa fenti ya dushe.

Dattijo, Kazaure:
Ɗana, kafin guduma ta taɓa motar nan, je ka gaya wa mai ita. Ya gani da idonsa, ya ji daga bakinka, ba daga bakin 'yan tasha ba. Wataƙila ma yana da mai gyaran da ya yarda da shi. Ka kuma tambayi kuɗin tsohuwar ƙofa a kasuwar Ƙofar Ruwa in wani zai shiga Kano. Wani lokaci sauya ta ya fi sauƙi. In za a saya, a bi ta da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, fila ce a ƙasa.

Direban Golf, Gumel:
To Baba, bayan sallar isha'i zan je gidansa in sha Allahu. Firama kuma gobe da safe zan nema. Maigida na Haɗeja, in ya amince a buga ta, kwana nawa motar za ta yi a wurinka? Ina so in san ko zan rasa kasuwar Alhamis mai zuwa.

Fanel bita, Haɗeja:
Kawo ta Asabar da sassafe. In sama ta yi sarari, Talata ka ɗauki abarka.